Kama da wane ba ta wane: yadda haƙori ya tona asalin dangin giwa

A jera wa mutum dabbobi shida, giwa da dorina da karkanda da rema da ayu da dabgi, a ce ya ware ƴan gida ɗaya. Ba sai ya yi dogon tunani ba zai haɗa giwa da dorina da karkanda, tunda dukansu ƙatti ne masu kaurin fata. Rema zai tura shi wajen su gafiya da zomo, ayu kuwa ya bar shi cikin ruwa. Kusan haka masanan Turai suka yi, suka rubuta a littafi, aka yi shekara da shekaru ana karantarwa a lakwal. Yau an san cewa cikin dabbobin da ke raye babu na kusa da giwa kamar ayun kogin Isa da reman da ke tsalle cikin duwatsun Abzin. Dabgi ma ɗan'uwansu ne na nesa. Dorina da karkanda kuwa ba su cikin gidan ko kaɗan.

Mu ma da ido muke raɗa suna: raƙumin dawa, jakin dawa, giwan ruwa. Wani lokaci ido ya dace, don jakin dawa ɗan'uwan jaki ne na gaske. Wani lokaci ya zame, don raƙumin dawa ya fi kusa da saniya da barewa a kan raƙumi, giwan ruwa kuma kifi ne kawai. Abin da ya raba gardama a kan giwa shi ne ƙasusuwan dabbobi masu shayarwa waɗanda irinsu ya ƙare tun kafin a fara rubuta tarihi. An ɗauki fiye da shekara 250 ana wannan shari'a, kuma babban mai ba da shaida a cikinta haƙori ne.

Dabba ɗaya da aka raba biyu

A 1739 wani hafsan sojan Faransa, Baron de Longueuil, ya taso daga Kanada da rundunarsa suna gangara kogin Ohio. A wata fadama mai gishiri da ke cikin jahar Kentucky ta Amurka a yau, inda namun daji ke zuwa lasar ƙasa kamar yadda bisashenmu ke lasar kanwa, aka tsinci waɗansu manyan ƙasusuwa. Aka kai Paris haure da ƙashin cinya da turamen haƙori uku, aka ajiye a taskar sarki.

A 1762 masanin jikin dabbobi Daubenton ya auna su. Ƙashin cinya da hauren, ya ce na giwa ne. Turamen suka ɗaure masa kai, don turmin giwa shafaffe ne kamar dutsen niƙa, waɗannan kuwa tudu-tudu gare su masu tsini. Sai ya yanke cewa na wata ƙatuwar dorina ne, wato dabbobi biyu ne suka mutu a fadama ɗaya ƙasusuwansu suka cakuɗe. A 1768 wani likita a Landan, William Hunter, ya ce dabba ɗaya ce da ba a sani ba, kuma irinta ya ƙare. Nan ya yi daidai. Amma ya dubi tsinin haƙoran ya ce mai cin nama ce, alhali ganye da rassan itace take ci.

Abin da ya fi hana ruwa gudu a lokacin shi ne yawancin masana ba su yarda wani irin dabba na iya ƙarewa ƙurmus daga duniya ba. Thomas Jefferson, wanda ya zama shugaban Amurka na uku, ya tsaya kan cewa dabbar tana nan da rai a dazuzzukan yamma da Turawa ba su kai ba. Da ya tura ayarin Lewis da Clark su ratsa ƙasar a 1804, yana da fatan su ci karo da ita.

Saurayin da ya karanta haƙori

A 1796 Georges Cuvier, ɗan shekara 26, ya tsaya gaban majalisar masana ta Paris da bayani a kan giwaye masu rai da matattu. Ya samu abin aunawa ne ta hanyar ganimar yaƙi: shekara ɗaya kafin nan sojan Faransa sun ci Holan, suka kwaso taskar yariman ƙasar, ciki har da ƙoƙunan kan giwayen Afirka da na Asiya. Cuvier ya ajiye su gefe da gefe. A fuskar turmin giwar Afirka akwai zane mai faɗi a tsakiya, tsukakke a gefe biyu, kamar ƙwallon dabino. A na giwar Asiya layuka ne ƙuntatattu a jere kamar kunyoyin gona. Ya ce iri biyu ne, ba ɗaya ba kamar yadda aka ɗauka. Sannan ya kawo ƙashin mamut, giwar nan mai gashi da ake haƙowa daga daskararriyar ƙasar Saiberiya, ya nuna layukanta sun fi na Asiya ƙunci da yawa, haɓarta ma dabam take. Ita iri na uku ce, kuma babu ita a raye. Dabba mai wannan girma ba ta ɓuya. Daga nan maganar ƙarewar iri ta samu gindin zama.

A 1806 ya koma kan dabbar Ohio, ya tabbatar haure da cinya da turame duk nata ne, ya raɗa mata suna mastodon, wato mai haƙori kamar kan nono, saboda tudun nan da suka ruɗe Daubenton.

Ƙa'idarsa mai sauƙin faɗa ce: gaɓoɓin dabba suna tafiya tare. Mai kofato ba ta da haƙorin yagar nama, mai farcen kamu ba ta da turmin niƙa ciyawa, saboda haka gaɓa ɗaya tana ba da labarin saura. A 1804 aka kawo masa wani ɗan ƙaramin ƙwarangwal cikin dutse daga mahaƙar Montmartre, a bakin Paris. Ya dubi haƙora ya ce wannan na dangin masu renon ɗa cikin jakar ciki ne, irin waɗanda ke Amurka, kuma in haka ne za a samu waɗansu ƙananan ƙasusuwa biyu a gaban ƙugu. Ya kira shaidu, ya sa ƙarfe ya fafe dutsen a gabansu, sai ga ƙasusuwan.

Me ya sa haƙori ya fi kowace gaɓa amfani? Farin ɓawon da ke lulluɓe da shi ya fi komai tauri a jikin dabba, shi ya sa yake saura bayan sauran ƙashi ya ruɓe. Kuma a wajen masu shayarwa, yawan tudun haƙori da yadda suke haɗe sun bambanta daga iri zuwa iri, kamar yadda zanen fuska ke nuna gidan mutum. Dabbobin da da yawa haƙoransu kaɗai aka sani.

Inda shaidar ta zame

Duk da haka haƙori ya sha ruɗar mai shi. An kawo wa Cuvier waɗansu manyan turame masu gāɓa biyu a gicce, ya ce na wata ƙatuwar tafir ne, dabbar dajin Amurka da Asiya mai guntun hanci. A 1829 Bajamushe Johann Kaup ya samu haɓar dabbar a karye kusa da Eppelsheim, ya kira ta Deinotherium, ya haɗa ƙashin da haure suna kallon sama. Daga baya aka ga ashe daga haɓar ƙasa suke fitowa, su lanƙwasa su kalli ƙasa. Waɗansu suka ce dabbar ruwa ce irin ayu, wai da hauren take maƙalewa a gaɓa in za ta yi barci. Sai da aka samo ƙasusuwan ƙafafunta tare da haƙoran aka gane dangin giwa ce. A Afirka ta fi daɗewa, har zuwa kimanin shekara miliyan 1 da suka wuce.

Cuvier ne kuma ya tsaya wa rukunin da ake kira masu kaurin fata, inda ya zuba giwa da dorina da alade da karkanda da doki. Abin yabo a ciki shi ne ya ciro rema daga cikin su ɓera, inda aka fara ajiye shi, don ya ga turamensa sun yi kama da na karkanda. Amma rukunin bai tsaya ba. A 1848 Richard Owen na Ingila ya ƙidaya yatsu: masu yatsu biyu ko huɗu gefe ɗaya, dorina da alade tare da saniya da raƙumi, masu ɗaya ko uku ɗaya gefen, karkanda tare da doki da jaki. Giwa ta rage ita kaɗai, ba a san inda ta fito ba.

Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan Cuvier ɗin ne ya juya ma'auninsa kan ɗan Adam, ya jera baƙar fata a ƙasa, kuma shi ya yanka gawar Sarah Baartman, ƴar Afirka ta Kudu da ta rasu a Paris a 1815. Sai a 2002 aka mayar da ita gida aka binne. Mutumin da ya koya wa duniya kada a yanke wa ƙashi hukunci da kallo ɗaya bai yi aiki da darasin ba da ya zo kan mutane.

Sunaye ma sun riƙe tabon kurakuran farko, don dokar masana ita ce sunan da aka fara bugawa shi ke zama. Shi ya sa sunan kimiyya na mastodon ya zama Mammut, ita mamut ta ainihi kuma Mammuthus. A 1834 Richard Harlan ya ga manyan ƙasusuwan baya daga kudancin Amurka ya kira su Basilosaurus, sarkin ƙadangaru. A 1839 Owen ya ga haƙoran suna da saiwa biyu, abin da ƙadangare ba shi da shi, ya nuna dabbar teku ce mai shayarwa. Har yau sarkin ƙadangaru ake kiranta.

Asalin yana Afirka

Bayan littafin Darwin na 1859 tambayar ta sake. Da ana tambaya wa ya yi kama da wa, yanzu sai aka koma wa ya fito daga tsatson wa. Ƙasusuwan dangin giwa mafi tsufa da aka sani a Turai sun bayyana ne da cikakken haure da girmansu, kamar baƙin da suka iso daga wata ƙasa. Ina ce ƙasar?

Amsa ta fito daga hamadar Fayum ta Masar. A 1901 Charles Andrews na gidan tarihin Landan da Hugh Beadnell na hukumar binciken ƙasa ta Masar suka haƙo wata dabba da ba ta kai mita ɗaya a kafaɗa ba, mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, ba ta da dogon hancin nan da Bahaushe ke kira hannun giwa. Ta rayu cikin fadamu kimanin shekara miliyan 35 da suka wuce. Andrews ya kira ta Moeritherium, da tsohon sunan tafkin yankin. Da ido ba mai ce mata giwa. Abin da ya tona ta shi ne haƙoran gaba na biyu, sama da ƙasa, sun fara tsawo. Hauren giwa haƙorin gaba ne da ya yi ta girma, manyan hauren dorina da na gadu kuwa fiƙa ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna gidajen ba ɗaya ba ne.

A wannan hamadar aka samu kakannin ayu masu sauran ƙafafun baya, da remaye iri-iri, waɗansu sun kai girman ƙaramin karkanda. A 1902 Beadnell ya bayyana Arsinoitherium, ƙatuwa mai ƙaho biyu manya a kan hanci. Kowa ya gan ta zai ce karkanda. Amma ƙahon karkanda gashi ne da ya cure, nata kuwa ƙashi ne, haƙora da ƙafafun ma ba su dace ba. Andrews ya ware mata rukuni nata, kuma yau ana lissafa ta a ɓangaren giwa da ayu da rema. A lokacin da waɗannan dabbobi suke raye teku ta kewaye Afirka kamar tsibiri. Sai kimanin shekara miliyan 19 da suka wuce ƙasar ta haɗe da Asiya, dangin giwa suka fita suka bazu har Amurka. Mastodon ta Ohio jikar Afirka ce. Ita ma mamut mai gashi, ƙasusuwan kakanninta mafi tsufa a Afirka suke.

Da ƙasusuwa suka yi yawa sai wata matsala ta taso, ta yawan raɗa suna. Henry Fairfield Osborn na gidan tarihin New York ya bar manyan littattafai biyu a kan dangin giwa, aka buga su a 1936 da 1942 bayan mutuwarsa, ciki ya lissafa iri fiye da 300. Masanan baya suka rage su zuwa ƙasa da 200. Dalili shi ne giwa tana sake turame sau shida a kowane gefen baki tsawon rayuwarta, sabo na tunkuɗo tsoho daga baya, kowane kuma yana sake kama yayin da yake cinyewa. Haƙorin ɗan giwa da na tsohon toro, ko na mace da na namiji, sai a ɗauka iri biyu ne in ba a tara da yawa an gwada ba.

A 1950 wani Bajamushe masanin ƙwari, Willi Hennig, ya tsara ƙa'idar da ake bi yau: ba kowace kama ce shaidar zumunta ba, sai sabuwar alamar da aka gada daga kaka ɗaya. Girman jiki da kaurin fata kowace dabba na iya kai wa gare su ta hanyarta. Ko ayu da giwa, dukansu haƙoransu na tafiya daga baya zuwa gaba, amma ƙasusuwan kakanninsu na farko sun nuna ba haka suke ba, kowanne da kansa ya kai ga dabarar daga baya. Alamun da suka haɗa su da rema ɓoyayyu ne, kamar yadda ƙananan ƙasusuwan wuyan ƙafa ke jere ɗaya bisa ɗaya, da yadda ƙashin bayan kunne ke lulluɓe cikin ƙoƙon kai. Tun 1945 George Simpson na Amurka ya sa su uku a rukuni ɗaya.

Daga baya aka ƙara nutsawa cikin zamani. A mahaƙar fosfat ta Ouled Abdoun a Maroko, Emmanuel Gheerbrant da abokan aikinsa suka bayyana Phosphatherium a 1996, mai shekara kimanin miliyan 55, nauyinta wajen kilo 15. A 2009 suka ƙara da Eritherium mai shekara kimanin miliyan 60, wadda ba ta wuce kilo kaɗan ba, kusan girman rema. A 2021 aka bayyana Dagbatitherium daga mahaƙar fosfat ta Togo, mai shekara fiye da miliyan 40, kuma da haƙori aka gane ta.

Shaida ta biyu

A ƙarshen shekarun 1990 masu nazarin ƙwayoyin gado, abin da a lakwal ake kira ADN, suka gwada na dabbobi masu rai. Sakamakon ya tabbatar da zumuncin giwa da ayu da rema, ya kuma jawo dabgi da waɗansu ƙananan masu cin ƙwari cikin gidan. A 1998 aka raɗa wa babban dangin suna Afrotheria, wato dabbobin Afirka. Dorina kuwa aka gano ƴan'uwanta na kusa su ne manyan dabbobin teku da Bafaranshe ke kira balen, kuma ƙashin idon sawu da aka haƙo a Pakistan, aka bayyana a 2001, ya nuna lalle kakannin balen na cikin masu yatsu biyu ko huɗu.

An ciro ƙwayar gado har daga matattu. Ta nuna mamut ta fi kusa da giwar Asiya, daidai da abin da layukan haƙori suka nuna. Amma a kan Palaeoloxodon, ƙatuwar giwa mai miƙaƙƙen haure da ta zauna a Turai, ta saɓa wa ƙashi: an daɗe ana haɗa ta da giwar Asiya, sai binciken 2017 ya nuna tana da jini mai yawa na giwar kurmin Afirka. Sai dai wannan shaida tana da iyaka. Ta mamut mafi tsufa da aka karanta, a 2021, ta haura shekara miliyan 1 da kaɗan, kuma sanyin Saiberiya ne ya adana ta. Zafi irin namu yana lalata ta da wuri. Dabbobin Fayum da Maroko da Togo, haƙori da ƙashi ne kaɗai za su yi magana a kansu.

Abin da ya shafe mu

Rarrabe matattu ba aikin cika kabad ba ne. A watan Yuli 2001, a hamadar Djourab ta Cadi, aka tsinci ƙoƙon kan Toumaï. Da farko ba a samu tokar dutse mai aman wuta da za a auna shekarunsa da ita ba. Masana suka rarrabe haƙoran aladun daji da dangin giwa da ke kwance tare da shi, suka gwada da irinsu na Lothagam a Kenya da aka riga aka auna, suka ce shekara miliyan 6 zuwa 7. Dabbar da aka san gidanta tana zama agogo.

Ya shafi masu rai ma. Tun 1900 aka bayyana giwar kurmi dabam, aka yi ƙarni guda ana gardama. A watan Maris 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, UICN, ta lissafa giwayen Afirka iri biyu. Da aka raba lissafin sai ta bayyana giwar kurmi ta ragu da fiye da kashi 86 cikin 100 a shekara 31, ta fili kuma da aƙalla kashi 60 a shekara 50. Muddin suna ƙarƙashin suna ɗaya, yawan ɗaya yana rufe ƙarewar ɗaya. Daga cikin dangin da ya haifi iri fiye da ɗari, uku suka rage. A Nijar zanen giwa na nan a duwatsun Abzin da Djado inda yau babu ko ɗaya, dajin Baban Rafi a kudu da Maraɗi ya riƙe garke a shekarun 1990, yanzu kuma gandun W ake dubawa. Abin da Jefferson ya ƙi yarda da shi muna ganinsa da ido.

Ƙasarmu ta yi suna da ƙasusuwan Gadoufaoua da ake gani a gidan tarihin Boubou Hama na Yamai, amma waɗannan na dangin kada da manyan masu rarrafe ne, ba masu shayarwa ba. Duwatsun farar ƙasa na Malbaza da na Adar, da fosfat ɗin jahar Tawa, teku ce ta shimfiɗa su kusan zamani ɗaya da na Maroko inda aka samu kakannin giwa, kuma masu haƙa suna tsintar katantanwar teku da haƙoran kifi a cikinsu. Darasin Phosphatherium ya dace da mu a nan: guntayenta na farko ta hannun masu sayar da ƙasusuwan da suka iso ga masana, ba a san ramin da suka fito ba, sai da aka koma aka bi sawu kafin a daidaita shekarunta. Maginin rijiya ko mai fasa dutse da ya ci karo da baƙon haƙori, ya lura da wurin da zurfin da irin ƙasar da ke kewaye da shi, ya ɗauki hoto da salula kafin ya ciro, sannan ya sanar da gidan tarihi ko sashen ilimin ƙasa na jami'a, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Haƙorin da aka san gadonsa yana iya buɗe babin tarihi. Wanda aka kai kasuwa ba tare da wannan bayani ba, rabin shaidarsa ta riga ta zube.